Firizar Husainatu ta Ɗanzomo

A Ɗanzomo, duk wanda ya san daɗin zoɓo ya san ƙofar gidan Husainatu. Matar Malam Ɗanjuma ce, manomin gero da riɗi, mutum mai sanyin magana da son raha. Husainatu kuwa mace ce mai zafin nama, ba ta iya zama hannu sake. Tana da 'yar gayaunarta a bayan gonar maigida inda take shuka zoɓo, shi take dafawa ta tace, ta zuba citta da kanumfari, ta ɗura a gorunan roba. Tana yin kunun aya ma. Masu shaguna da masu teburin bakin tasha su ke zuwa da kulolinsu suna sara a wajenta, matan unguwa kuma su shigo har tsakar gida su saya.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat, shi ne sanyi. Wutar lantarki ba abar dogara ba ce a garin, don haka ƙanƙara daga Gumel ake kawo mata a bayan babur, a cikin buhu an lulluɓe ta da ƙaiƙayi. Kafin ta iso, rabinta ya bi hanya. Idan zafi ya tsananta ma sai a nemi ƙanƙarar a rasa, ranar nan zoɓonta ya wuni da ɗumi, ta zauna tana kallon yadda yake canza launi, ranta yana ƙuna.

Shekarar da zoɓo ya yi daraja, masu saye suka riƙa shigowa ƙauyuka daga Maigatari suna neman busasshe, Husainatu ta sayar da rarar nata, ta haɗa da adashenta da bijimin da ta yi kiwo. Ta ce wa mijinta firiza mai aiki da hasken rana za ta saya. Malam Ɗanjuma ya ce Allah ya sa alheri, ya ƙara da cewa ta ɗan riƙe maganar a ciki tukuna. Ina! A gidan sunan maƙwabciyarta Ummi, mata sun cika tsakar gida, Husainatu ta kasa haƙuri.

"Bana da azumi babu mai aikawa Gumel neman ƙanƙara," in ji ta. "A gidana za a riƙa saye, mai ƙarfi kamar dutse."

Mata suka ɗauki guɗa. Kafin la'asar labari ya zaga gari.

Tana da ƙane a Gumel mai suna Anas, direban adaidaita sahu. Shi ya ce ya san wani mai sayar da kayan sola kusa da tasha, ana ce masa Hudu Sola. Ranar da suka je, sun tarar da shagon ba wani babba ba ne, farantan sola ne jingine a bakin ƙofa, batura a jere a ƙasa, firizoji a kusurwa cikin kwalayensu. Hudu mutum ne siriri mai ɗan gemu, ba zai wuce sa'an Anas ba. Ya gaishe su, ya shimfiɗa mata darduma a kan benci, ya ajiye mata ruwa, sannan ya ce ta yi masa haƙuri ya sallami dattijon da ya riga ta. Dattijon kuwa 'yar fitilar hannu ce ya kawo, wai ta daina caji. Hudu ya kwance ta, ya goge, ya haɗa wata 'yar waya, yana yi suna hirar farashin gero. Husainatu ta fara kaɗa ƙafa. A ranta tana cewa, ga mai sayen babban kaya a zaune, shi yana can yana ɓata lokaci kan fitilar da ba ta kai kuɗin shayi ba.

Da dattijon ya tafi yana sa albarka, Hudu ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da ita.

"To Yaya, sannu da haƙuri. Me kike so firizar ta riƙa yi miki?"

"Me firiza take yi in ba ƙanƙara ba?"

Ya yi murmushi. Ya shiga tambayarta: da wane lokaci take gama dafa zoɓon, da zafinsa take ɗurawa ko sai ya huce, masu saye da rana suka fi zuwa ko da yamma, rufin ɗakinta kwano ne ko soro, akwai bishiya a tsakar gidan, ta wane ɓangare inuwarta take faɗawa. Husainatu ta amsa wasu, ta gaji.

"Malam Hudu, ni fa kaya na zo saye, ba shari'a aka kawo ni ba."

Anas ya tuntsure da dariya. Hudu ma ya dara, sannan ya tambaye ta iya ƙarfin da ta zo da shi. Ta faɗa masa. Ya shafa gemu, ya tashi ya dafa wata matsakaiciyar firiza.

"Yaya, abin da kika tanada zai ɗauki wannan da farantanta da batirinta. Za ta sanyaya miki zoɓo da kunun aya, sanyin da sai mutum ya ji shi har cikin haƙori. Idan rana ta buɗe sosai kuma ba a yawan ɗaga murfin, za ki samu 'yar ƙanƙara a can ƙasa, ta amfanin gida. Amma ƙanƙarar da za ki sayar wa gari, wannan ba za ta yi ba. Da damina ma idan hadari ya wuni, sanyin zai ragu. Gara ki ji daga bakina yanzu."

Husainatu ta ji kamar an watsa mata ruwa. Fuskokin matan gidan suna suka faɗo mata a rai.

"Wace ce za ta yi?"

Ya nuna mata wata ƙatuwa, ya gaya mata yawan farantai da baturan da take ci. Ko ta sake kiwon wani bijimin ba za ta kai ba.

"Kai dai ba ka son ciniki," ta ce tana gyara mayafi.

"Wallahi ina so, Yaya. Tun safe ban sayar da abin kirki ba. Amma in na ce miki za ta yi, yau za ki fita kina murna, bayan wata guda kuma duk lokacin da kika ɗaga murfin nan sai kin ambaci sunana, kuma ba da alheri ba. Ni na fi son ki tafi yau da ɓacin rai a kan gaskiya." Ya ɗan dakata. "Ki zagaya ki ga na wasu, babu laifi. In kin samu sarari kuma, akwai wata baiwar Allah a Gagarawa, Nana Firdausi, irin wannan na sa mata bara. Ta ba ni izinin turo mata masu son gani. Ki je da tsakar rana, ki sa hannunki a ciki. Abin da hannunki ya gaya miki ya fi abin da zan gaya miki."

Ba ta ko yi masa sallamar kirki ba ta fita.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Anas ya kai ta can. Suka kutsa tsakanin manyan motoci da garken shanu da masu canjin sefa, har suka isa layin masu kayan wuta. Wani mai shago, fari mai zaƙin baki, ya tarbe ta tun daga nesa yana kiranta Madam. Ya buga gefen wata firiza da tafin hannu, girmanta ɗaya da wadda Hudu ya nuna mata.

"Ƙanƙara? Madam, wannan sai kin sa guduma kafin ki fasa. Safe da yamma."

Zuciyar Husainatu ta yi fari. Ga abin da take son ji. Ta ce, "Da damina fa?"

"Damina da rani duk ɗaya ne a wajenta."

Anas ya ce, "In ta lalace wa zai zo Ɗanzomo ya duba?"

Mutumin ya yi dariya. "Ba ta lalacewa."

Nan Husainatu ta fara shakka. Tun da take a duniya ba ta taɓa mallakar abin da ba ya lalacewa ba, daga turmi har keken ɗinkin da ta gada wajen mahaifiyarta. Ta lura kuma mutumin bai tambaye ta komai ba, ko sunan garinsu bai nema ba sai da Anas ya faɗa. Ta ce za su yi shawara. Da suka fito ta ce wa ƙanenta, "Gobe in ba ka da aiki ka kai ni Gagarawa."

Nana Firdausi matashiya ce mai fara'a, matar wani malamin makaranta, fura da nono take sayarwa. Ta karɓi Husainatu kamar sun saba, ta ja ta zuwa ɗakin da firizar take. Rana tana tsaka, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Ta ɗaga murfi ta ce, "Sa hannu, Yaya, amma da sauri."

Husainatu ta sa. Robobin fura sun yi raɓa, sanyi ya kama mata yatsu har ta janye. A can ƙasa ta ga 'yan ledojin ruwa sun daskare, ba su da yawa.

"Ni ma da ƙanƙara na je masa a baki," in ji Nana Firdausi tana rufe murfin. "Ya ce ba za ta yi ba, na yi fushi na tafi. Daga baya na koma. Abin da ya ce min za ta yi, shi take yi, wata rana ma ta ɗan ɗara. Kin san daɗin abin? Na san iya abin da zan dama kullum, ba na asara. Da an cika min kunne da ƙarya da har yau ina jin haushin kayan, alhali kayan ba su da laifi."

Ta dama mata fura mai sanyi a ƙwarya. Suna sha suna hirar sana'a har azahar ta yi, suka yi salla tare, suka karɓi lambar juna.

Da Husainatu ta koma shagon Hudu, ta yi zaton zai yi mata kallon ai na gaya miki. Bai yi ba. Ya tarbe ta kamar yadda ya yi da farko, da darduma da ruwa. Aka yi ciniki. Ta ce gobe take so a je a haɗa, azumi ya matso.

"Gobe ba zai yiwu ba, Yaya. Akwai waɗanda na riga na yi wa alkawari. Sai Asabar ta sama."

"Haba Malam Hudu! Ka dubi Allah ka matso da ita."

"In na ce miki Talata, za ki share gida ki zauna jira, maigida ya fasa fita, ni kuma ina can kan rufin wani. Asabar zan iya cikawa in Allah ya kai mu. In wani ya ɗage nasa zan kira ki."

Babu wanda ya ɗage. Abin da ya rage mata a kwanakin nan shi ne gyara maganar da ta saki a gari, kuma shi ya fi yi mata nauyi. Tuni Ummi ta laƙaba mata suna, duk inda ta gan ta sai ta ce, "Hajiya Ƙanƙara, yaushe ne?" Malam Ɗanjuma ma idan ya dawo gida sai ya leƙa randa ya ce yana duba ko ta fara daskarewa. Husainatu ta yi ta juya abin. Tana iya yin shiru har azumi ya zo kowa ya gane wa kansa. Amma ta tuna akwai masu shago da suka ce sun fasa yin magana da ɗan acaɓan da ke kawo musu ƙanƙara saboda ita. Sai ta ɗaure. Ta aika Malam Ɗanjuma wajen masu shagunan, ita kuma ta shiga gidajen maƙwabta.

"Ummi, na yi saurin baki," ta ce. "Ƙanƙarar sayarwa ba za ta samu ba. Zoɓo mai sanyi da kunun aya dai, in sha Allahu ba za ku rasa ba. Mai son ƙanƙara kada ya saki hanyar Gumel."

Ummi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce sunan dai ya riga ya zauna, ba mai cire shi. Wasu suka taɓe baki. Bayan kwana biyu kowa ya kama harkar gabansa, Husainatu ta yi mamakin yadda abin da ta ɗauka dutse ne ya wuce da sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi Hudu ya iso da kaya a bayan a-kori-kura. Ya gaisa da Malam Ɗanjuma, ya zagaya gidan yana kallon sama, ya roƙi a sare reshe ɗaya na darbejiyar tsakar gida don inuwarsa tana hawa rufin da yamma. Ya hau kwano ya ɗaure farantai, ya sauko ya kafa wata 'yar na'ura a bango, ya ce sunanta kwantirola, ita ke raba wuta tsakanin farantai da batir da firiza. Da ya gama bai yi saurin tafiya ba. Ya tsayar da Husainatu ya nuna mata fitilun na'urar, ya ce ta bar zoɓo ya huce sarai kafin ta sa, ta riƙa ɗebo na masu saye a kula maimakon ɗaga murfi kan kowace gora, a riƙa goge farantai da tsumma mai laushi.

"Duk abin da kika gani wanda ba ki gane ba ki kira ni, ko da kina ganin ƙarami ne. Ba damuwa ba ce, aikina ne."

Bayan 'yan kwanaki shi ma ya kira da kansa, ya tambayi yadda take aiki. Husainatu ta riƙe wayar tana mamaki. Ba ta taɓa sayen abu mai shi ya biyo ta da tambaya ba.

Azumi ya kama cikin tsananin zafi. Daga la'asar ƙofar gidan Husainatu ba ta rabuwa da mutane. Zoɓonta yana fita da raɓa a jikin gora, masu shaguna suna rige-rige. 'Yar ƙanƙarar da take samu a ƙasan firiza kuwa ba ta sayar da ita. Takan aika wa tsofaffin unguwa da wata mai jego, sauran ta jefa a kofin Malam Ɗanjuma lokacin buɗa baki, shi kuma ya ɗaga kofin ya ce, "Allah ya ja zamanin Hajiya."

Azumi ya raba tsakiya, wata rana bayan azahar, ta shiga ɗakin ta ji shiru. 'Yar ƙarar da ta saba ji ta ɗauke, fitilun na'urar bango duk sun mutu, ga wani ɗan wari kamar na ƙonannar roba. Firiza cike take da zoɓo da kunun aya, kunun aya kuwa ba ya jure zafi. Nan take ta kira Hudu.

Ya saurare ta har ta gama, ya yi mata 'yan tambayoyi, sannan ya ce, "Yaya, ina cikin garin Sule Tankarkar a kan rufin wani masallaci, na kwance musu wayoyi, ba zan bar su a haka ba. Kuma abin da nake zargi ba na tare da madadinsa. Ba zan ce miki ga ni nan ba. Gobe da hantsi zan zo. Yanzu ki kashe makunnin da na nuna miki, ki lulluɓe firizar da bargo, kada ki buɗe sai la'asar. In kin buɗe ki fara fitar da kunun aya. Na yau zai kai, sanyin da ke ciki zai riƙe shi. Kada dai ki dafa na gobe sai kin gan ni."

Ta so ya ce yanzu zai taso. Ta ajiye wayar da ɗan haushi. Amma da yake ta san abin da za ta yi da lokacin da za ta jira, sai hankalinta ya kwanta. Ta yi yadda ya ce. Da la'asar kaya suka fita da sauran sanyinsu, ko gora ɗaya ba ta lalace ba. Ta gaya wa masu shaguna gobe kada su dogara da ita sai ta aika.

Washegari da hantsi sai ga Hudu a kan babur, leɓɓansa sun bushe da azumi. Ya kwance na'urar, ya duba cikinta, ya girgiza kai.

Malam Ɗanjuma ya ce, "Ko wani abu muka yi ba daidai ba?"

"Ko kaɗan, Malam. Daga kayan ne, kuma ni na sa muku su, don haka nawa ne. Zan mayar wa waɗanda na saro wajensu a Kano su canza. Yaushe sabuwar za ta zo, ban sani ba, ba zan yanka muku rana ba. Yana yiwuwa sai bayan salla."

Husainatu ta dafe ƙirji. Sai ta ga ya zuge jaka ya fito da wata na'urar, ba sabuwa ba, gefenta ya ɗan kwarzane, har da ɗigon fenti a jikinta.

"Wannan ta taɓa aiki amma lafiyarta ƙalau. Ki riƙe ta kafin taki ta zo."

Ya ɗaura. Fitilu suka kama, firiza ta ɗauki ƙara. Malam Ɗanjuma ya so ya ba shi ko na mai, Hudu ya ƙi, ya ce a sa shi a addu'ar buɗa baki ya wadatar. Husainatu ta ƙarasa azuminta tana ciniki, ta yi wa iyalinta kayan salla ba tare da ta taɓa hatsin gida ba. Sabuwar na'urar ba ta iso ba sai da salla ta wuce, Hudu ya zo ya canza, ya tafi da tsohuwar.

A cikin watan sallar ne Hajiya Muhsina, matar wani babban ɗan kasuwar hatsi a garin, ta zo da kanta. 'Yarta ta sauke Alƙur'ani, za a yi walima, baƙi daga Gumel da Maigatari har da dangi daga Damagaram. Tana son Husainatu ta ɗauki nauyin abin sha gaba ɗaya, kuma mai sanyi. Ba a taɓa kawo mata aiki mai girman wannan ba. Kalmar "to" ta zo mata har bakin leɓe. Ta dubi ƙofar ɗakin firiza, ta auna cikinta a zuci.

"Hajiya, dafawa ba matsala ba ce, ko na garin nan duka ne zan dafa. Sanyayawa ce. Firizata rabin abin da kike so za ta iya. In na karɓa duka, rabin baƙinki ɗumi za su sha, kunyar kuma ta mu biyu ce."

Hajiya Muhsina ta ɓata fuska. "Ni ba na son rabe-raben aiki. An ce min ke ce mai firiza, shi ya sa na taso."

"Ni ce, ranki ya daɗe, shi ya sa na san iyakarta. In kin yarda, ina da ƙawa a Gagarawa mai irin tawa, hannunta da tsabta. Ita ta yi fura da kunun aya, ni in yi zoɓo, ƙanena ya ɗauko nata a kuloli da safe. In kuma kin fi son mutum ɗaya, akwai masu manyan injina a Gumel, ba zan ji haushi ba."

Hajiya ta tashi ta tafi. Husainatu ta wuni tana cizon yatsa, tana ganin ta kori arzikinta da bakinta. Sai washegari aka aiko cewa a yi yadda ta faɗa. Ranar walima abin sha ya isa da sanyinsa, ya kuma wadata. Hajiya Muhsina ba mai yawan yabo ba ce, abin da kawai ta ce shi ne, "Kin cika magana." Amma daga ranar duk wani taro na gidansu Husainatu ake nema, kuma ta daina ja da ita idan ta ce ga iya abin da zai yiwu.

Da abubuwa suka lafa, Husainatu ta ce wa mijinta tana son ta je ta gode wa Hudu har gida, don godiyar waya ba ta ishe ta ba. Ta auni busasshen zoɓo mai kyau, Malam Ɗanjuma ya ƙara da riɗi da 'yan zabi biyu. Anas ya kai ta unguwar su Hudu a Gumel. Maigidan bai dawo ba, matarsa Asama'u ce ta tarbe ta, doguwa mai yawan dariya, da tsohon ciki.

Da Husainatu ta faɗi sunanta da garinsu, Asama'u ta tafa hannu.

"Au! Ke ce ta Ɗanzomo? Ke ce kika sa muka ƙarasa azumi da ruwan randa?"

Husainatu ba ta gane ba. Asama'u ta ja ta zuwa falo, ta nuna mata bango. Ga na'urar nan mai kwarzane da ɗigon fenti.

"Ta gidan nan ce. Ranar ya dawo ya duba shago babu irinta, sai ya zo ya same ni. Ya ce akwai wata baiwar Allah da sana'arta ta tsaya saboda kayan da ya sa mata, yana neman izinina ya cire tamu. Na ce sai yaushe za a mayar? Ya ce bai sani ba. Ko ɗan lallashin nan na a ce kwana biyu ne bai yi min ba! Na yarda dai, amma wallahi Yaya na yi kwanaki ina kumbure-kumbure. Ga ciki, ga zafi, firij ya zama akwatin ajiye kwanuka."

Tana faɗa tana dariya, amma Husainatu ta kasa. Ta tuna yammacin da take miƙa wa mutane goruna masu raɓa, ashe a nan wata mai juna biyu tana buɗa baki da ruwan randa. Hawaye suka cika mata ido. Ta kama hannun Asama'u ta riƙe.

"Ƙanwata, ki yafe min. Ban sani ba."

"Yafe me? Ai ladan tare muka raba. Kuma maƙwabta sun riƙa aiko min da mai sanyi, ban mutu ba."

Ana haka Hudu ya yi sallama. Da ya ga yadda suke ya gane an tona, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce wa matarsa ai ba sai ta faɗa ba. Husainatu ta share ido ta ce masa ita ba ta da bakin godiya. Ta ce tun ranar farko da ya hana ta abin da take son ji ya yi mata alheri, ita ce ba ta gane ba, kuma yanzu ita ma haka take yi wa masu sayen kayanta.

Hudu ya zauna a bakin ƙofa. "Yaya, ba wata dabara ba ce. Mutum in ya zo saye, ba kayan kaɗai yake ɗauka ba, da abin da ya sa rai yake tafiya gida. In ka cika masa rai da abin da kayan ba za su yi ba, ko sun yi aiki ba zai gode ba. Kuma Gumel da Ɗanzomo duk gida ɗaya ne, gobe ma za mu haɗu a kasuwa ko a jana'iza. Ina so in mun haɗu in iya ɗaga ido in gaishe ki."

Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a mai tsawo, ta roƙa masa albarkar kasuwa, ta roƙa wa Asama'u sauka lafiya, ta haɗa da iyayensu. Suna ta amsawa da amin. Daga nan Hudu ya ce zai koma, ya bar wani a shago yana jiransa. Anas ya leƙo daga waje ya ce rana tana yi, a zo a kama hanya. Asama'u ta ce babu inda za a je sai an ci abinci, ta aika masa da nasa, ta kawo tuwon gero da miyar kuka a kwano ɗaya ta ajiye tsakaninta da Husainatu. Zabin da aka ɗaure a tsakar gida suna ta kuka, su kuwa suka wanke hannu suka sa, Asama'u tana tambayarta ko in ta haihu za ta samu zuwa suna.

"Ko ba a gayyace ni ba," in ji Husainatu. "Abin sha kuma kada ki nemi kowa."